Igiyar da Ba Ta Kai Ƙasa Ba

Ƙarshen bazara ne, irin kwanakin da tun hantsi ƙofar langa-langa ke ƙona hannu, ruwan randa kuma ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a murhu. A shekarar tafkin Lagdo ya ja baya fiye da yadda muka saba gani, har kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin da aka yi madatsar suka leƙo, baƙaƙe, tsaye a cikin taɓo. Kifi ya yi wuya. Masunta kullum sai sun ƙara nisa, mu kuma masu banda muna zaune a gaɓa da kwandunanmu muna duban ruwa har idanu su yi zafi. Ba a kai ga yunwa ba, amma kowa maganarsa ta ragu. Idan na tuna shekarar, zaman jiran nan nake fara tunawa.

Rahila, Yohanna, Marta, ku nake rubuta wa, da Hausar da na koyi baƙi da ita a ajin yaƙi da jahilci na zumuntar mata. Kun girma kuna jin labari iri biyu a kan abin da ya raba ku da gonar babanku. Mutanen dutse suna cewa 'yan majami'a ne suka hure mini kunne na ƙi kiran mijina. Wasu tsofaffin majami'ar Lagdo kuwa har yau suna cewa na kira shi a ɓoye, shi ya sa aka sa ni horo. Duka biyun ba haka aka yi ba. Mu uku ne a cikin jirgin a ranar. Biyu sun rasu, saura ni, ni ma ƙafafuna sun fara kumbura.

Mu mutanen dutse ne, daga wani ƙauye bayan Mokolo. Gonar gidan su babanku hawa-hawa take a jikin tudu, kakanni suka jera duwatsu suka tare ƙasa, kowane hawa bai fi faɗin tabarma uku ba. Da aka raba, babanku Bulus ya sami hawa bakwai. Ba sa ciyar da gida shekara, shi ya sa muka sauko Lagdo. Ya shiga jirgin wani masunci, Malam Sale, Bahaushe wanda kakansa ya zo fatauci daga Najeriya ya zauna a Garwa, ni kuma na koyi banda. Amma kowace shekara da ruwan fari sai babanku ya hau gida ya yi shuka, ya yi noman fari, ya bar wa wansa Matakwan sauran aikin ya dawo. Dawar da ake samu ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya sa yake wahalar hawan shi ne, wanda ke da hawa a tudun nan yana da wurin zama idan dangi suka taru, ana kiran sunansa, ana kiran na 'ya'yansa a bayansa.

Hadarin farko na shekarar ya taso da la'asar, iska ce zalla babu ruwa. Su babanku suna can tsakiya, wajen tsohuwar hanyar kogin Binuwai inda tafkin ya fi zurfi. Jirgin ya kife. Malam Sale ya rungume wata jarka da ba komai a ciki har wasu masunta suka tsince shi. Babanku shekara tara yana kan ruwa, amma iyonsa bai wuce na mutumin dutse ba. Kwana uku ana nema da jirage da koma. Jandarma suka zo suka rubuta takarda. Majami'a ta yi addu'ar jana'iza babu gawa, mata suka zauna da ni kwana bakwai, sannan kowa ya koma wajen murhunsa, ni ma na koma wajen nawa.

Dole in bayyana muku al'adar, tun da ku a Garwa kuka yi wayo. A dutsenmu ba wanda ke musun akwai Allah. Tun ina yarinya nake jin sunansa a bakin tsofaffi, cewa shi ya yi sama, shi ke ba da ruwa shi ke hanawa, ba abin da ke ɓoye masa. Sai dai ana ɗaukarsa kamar gwamna. Babba ne ƙwarai, babba kuwa ba ya tashi daga mazauninsa saboda mutum ɗaya. Al'amarin mutum ɗaya aikin iyayen da suka mutu ne, su ne ke kusa, don haka wanda ya mutu dole a kai shi wurinsu. Idan ya mutu a nesa ba a sami gawa ba, sai a ɗauki dutse daga gonarsa, a kai shi ya taɓa ƙasar da mutumin ya kwanta, matarsa ta kira sunansa na gida sau uku, don muryarta ce ya saba amsawa idan tuwo ya sauka. Sai a naɗe dutsen a fatar akuya a kama hanya. Duk garin da aka shiga a faɗa masa sunan garin, duk rafin da za a haye a ce masa ga ruwa nan, har a kai gida a binne. Wanda ba a yi wa haka ba ɓatacce ne. Ɓatacce kuwa ba ya barin gado, gonarsa sai ta koma hannun babban gida.

Mako uku bayan kifewar jirgin baffanku Matakwan ya iso da rana tsaka, da buhu a kafaɗa, ƙafafunsa fari fat. Bai taɓa wuce Mokolo ba sai ranar. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumfar banda.

"Na zo in tafi da ƙanena gida," in ji shi.

Na ce, "Yaya, ka sha ruwa tukuna."

"Na sha a hanya. Tsohuwarmu ba ta cin abinci. Ta ce duk sanda ta kai loma baki sai ta ji shi yana rawar sanyi."

Ya kwance buhun ya fito da fatar akuya, da dutse kamar curin fura biyu, da igiyar rama da ya tufka da hannunsa. Ya ce an gaya masa ƙanensa a ƙarƙashin ruwa yake, don haka ya yi shiri. Rijiyar da ta fi kowace zurfi a ƙauyenmu gaba takwas ce, sai ya ƙara huɗu a kai don kada a zo a ji kunya. Ya ɗaga igiyar yana nuna mini ƙarfinta. Ban ga wani abin mamaki ba, domin ni ma, shekara tara ina bakin tafkin nan, ban taɓa sa ƙafa a jirgi ba. Gaba goma sha biyu ta yi mini yawa a ido.

Ina so ku lura da abu ɗaya game da baffanku, musamman kai Yohanna da ba ka son jin sunansa. Idan ban kira ba, shi ne babban gida, gonar hannunsa za ta faɗa. Da mutumin banza ne da ya yi zamansa a gida ya bar damina ta wuce. Amma ya sayar da akuya ya hau mota kwana biyu yana amai don ya hana kansa cin gonarku.

Kafin rana ta faɗi labari ya kai kunnen Dattijo Andire, wanda ke riƙe da majami'armu lokacin da ba mu da fasto. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, mutum mai tsabta, ko a wajen banda da farar riga yake zuwa. Ya tsaya daga bakin rumfa ya gaisa da baƙo da Fulatanci, sannan ya kira ni gefe.

"Maman Rahila, na ji an zo da dutse."

"An zo da shi, Baba."

"Kin san kiran matattu ne. Allah mai tsarki ne, mai kishi ne, ba ya raba ɗaukakarsa da dutse. Kuma yana gani. Ko a tsakiyar tafki kika yi, idonsa na kanki."

Na ce, "Baba, yaran fa? Hawa bakwai ne."

"Ya fi miki su rasa hawa saba'in."

Gaskiya ya faɗa gwargwadon abin da ya sani, kuma ban taɓa riƙe shi da mugunta ba. Amma da ya tafi, abin da ya bar mini a zuciya shi ne Allah mai tsaye da sanda kamar jandarman bakin gada. Na zauna ina juya karfasa a kan raga ina tunani. Tun da aka yi mini baftisma ina budurwa nake faɗin cewa Allah yana ko'ina, yana gani, yana ji. Na faɗa a waƙa, na faɗa a ajin karatu, na koya wa Rahila. Sai a ranar na ga ban taɓa tambayar kaina ba, yana gani don ya kama ni ne ko kuwa don me. Na kuma ga cewa a can ƙasan zuciyata Allah na mutanen dutse ne har yanzu, babba, mai nisa, sunan Yesu kawai na ɗora a kai kamar yadda ake ɗora sabon faifai a kan tsohuwar ƙwarya.

To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na shiga jirgin nan da niyyar in kira. Na auna na ce, kalma uku ce, tsohuwa ta ci abinci, 'ya'yana su sami wurin zama, daga baya in je in durƙusa a gaban dattawa in karɓi horo. Idan Allah na nesa ne ba zai damu ba, idan kuma na kusa ne mai jinƙai ne, zai gafarta. Da wannan shawarar na je wurin Malam Sale na roƙe shi ya kai mu. Tun ranar hadarin bai koma wajen ba. Daga baya ya ce, "Bulus ya ci tuwo da ni shekara tara. Ku zo da safe kafin iska."

Da safe ruwan ya kwanta luf. Na bar ku wurin maƙwabciya. Malam Sale ya ari ƙaramin jirgi mai inji, ya zaunar da ni a tsakiya, baffanku a gaba. Tun kafin a tura jirgin baffanku ya kama gefe da gefe da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

Malam Sale ya ce, "Baffa, sake shi mana, ba jaki ba ne, ba zai yi tutsu ba."

Na fassara masa da yarenmu. Bai saki ba. Ya ce in gaya wa Bahaushen nan, idan ya isa ya zo ya hau dutsenmu da tulu a ka, sannan a ga wanda zai kama ƙasa da hannu biyu. Malam Sale ya yi dariya ya ce ya yarda, an yi kunnen doki. Wannan ce kaɗai dariyar da aka yi a tafiyar.

Mun yi tafiya har gaɓa ta zama zare, rumfunan banda suka ɓace, sai hayaƙinsu. Malam Sale ya kashe inji ya ɗauki filafili, yana duban wani tsauni ta gabas, yana duban wani ta kudu, yana gyara jirgin kaɗan-kaɗan. Can ya ajiye filafilin.

Baffanku ya ce, "Nan ne?"

"Wajen nan ne."

"Na ce nan ne, ko wajen nan ne?"

Malam Sale ya shafa gemu ya ce, "Maman Rahila, gaya masa gaskiya. Iska ta yi ta jan mu kafin mu kife, ta kuma ja ni bayan mun kife. Zai yiwu nan ne, zai yiwu can gaba ne kamar daga kasuwa zuwa tasha. Kuma ruwan ƙasa yana tafiya. Allah kaɗai ya san inda yake."

Na fassara. Baffanku ya ce, "Wannan ai kowa ya sani. Allah ya sani, amma zai sauko ya ɗauko shi ne?" Ya ɗaure dutsen da kyau, ya tofa masa yawu kamar yadda ake yi, ya ba ni ƙarshen igiyar na naɗe a hannu, shi kuma ya riƙa sakinta gaba-gaba yana ƙirgawa a fili. Sharaɗin shi ne, da zarar igiya ta yi sako-sako, dutse ya taɓa ƙasa ke nan, sai in kira. Na jiƙa leɓena na shirya. Ɗaya, biyu, har takwas, ya dube ni. Tara, goma. A sha biyu igiyar ta ƙare a hannuna, tana nan a miƙe, nauyin dutsen yana jan yatsuna.

Baffanku ya leƙa ruwan kamar zai ga abin da ya hana. Ya kwance ɗamararsa ya ƙulla. Bai kai ba. Malam Sale, ba tare da an roƙe shi ba, ya kwance igiyar da ake ɗaure jirgi da ita ya miƙa masa. Aka ƙara, aka saki. Na cire ɗankwalina na ba da, aka ƙara. Har yanzu a miƙe take. Malam Sale ya ce a hankali, da Hausa, don ni kaɗai, cewa a nan ko an haɗa irin wannan igiya biyu da wuya, domin tsohon kogin ne a ƙarƙashinmu. Ban fassara ba, amma baffanku ya gane. Ya zauna a ƙasan jirgin cikin ruwan da ya taru, ya manta da tsoro, ya saki gefen. Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance haka ba.

Sai ya ce, "To ki kira hakanan. Ki ɗaga murya sosai. Wataƙila ya ji ya taso ya tarye shi."

Ina riƙe da igiyar. Na dubi inda ta shiga ruwa, kore-kore, taku ɗaya ana ganinta, daga nan babu. Ba wata murya da na ji, ba wani haske da na gani, kada wani ya ƙara muku gishiri. Tunani ne kawai ya zo mini, irin na mai aikin hannu. Na ce a raina, idan na kira, to na yarda ke nan mako uku Bulus yana can ƙasa shi kaɗai cikin sanyi, yana jiran igiyar rama da muryar mace, igiyar kuma ga ta ba ta kai ba, wurin ma ba mu tabbatar ba. Idan haka ne to ya ɓata har abada, kirana ba zai canza komai ba, sai dai mu ruɗi tsohuwa da dutsen da bai taɓa komai ba. Idan kuwa abin da nake rerawa ran Lahadi gaskiya ne, to wanda ya yi ruwan nan ya san ƙasansa kamar yadda na san ƙasan tukunyata, kuma yana can tun kafin Bulus ya isa. Ba a gaya mana cewa ya zauna a sama ya aiko da takarda ba. An gaya mana ya sauko da kansa, ya yi jiki, ya ji ƙishirwa, ya mutu, an sa shi a rami. Wanda ya shiga rami da ƙafarsa, zurfin Lagdo ba zai gagare shi ba. Na ga ba zan iya riƙe biyun a hannu ɗaya ba. Da safe na ɗauka zan iya.

Na ce, "Yaya, ba zan kira ba."

"Mai farar rigar nan ne ya hana ki."

"Da don shi ne da ban shigo jirgi ba. Na zo in kira. Amma ba ya nan yana jiranmu."

"Yana ina?"

"Ban san wurin ba. Wanda ya same shi ya riga mu, kuma bai nemi igiya ba."

"Allah?" Ya yi wani murmushi mara daɗi. "Allah ya bar sama da ƙasa da ruwan damina, ya shiga taɓo neman Daway?" Daway shi ne sunan babanku na gida. "Ke wace ce, shi wane ne?"

Na ce, "Ba kowa ba ne mu. Ni ma abin da ya fi ba ni mamaki ke nan."

Ya ce, "Ki yi don tsohuwa. Ki yi ko ba ki yarda ba. Wa zai sani?"

Wannan tambayar ta fi duk sauran nauyi, domin ita ce shawarar da na fito da ita daga gida. Na ce masa ni zan sani, kuma duk ranar da Rahila ta tambaye ni ina babanta, ba zan san wace amsa zan ba ta ba, dutse ko Allah. Ya karɓi igiyar daga hannuna ya riƙa jawowa yana naɗewa a gwiwar hannu, ya kwance ɗankwalina ya matse ya miƙo mini, ya mayar wa Malam Sale tasa. Malam Sale bai ji yarenmu ba, amma bai tambayi komai ba. Ya ɗaga hannu ya yi addu'arsa shi kaɗai, ya shafa, ya tayar da inji.

Da muka iso gaɓa mata suna tsaye da kwanduna, sun ga dutse a jiƙe, sun ga ɗankwalina a jiƙe. Daga nan labarin ya tashi. Da yamma Dattijo Andire ya zo da wasu dattawa biyu. Na gaya musu ban kira ba. Ya tambaye ni ko da niyyar kira na tafi, na ce i. Aka sa ni horo wata shida, ba na cin jibin Ubangiji, ina zama a bencin baya. Ban yi gardama ba, niyyar ai na yi ta. Abin da kawai na so a tambaye ni shi ne me ya hana ni, ba wanda ya tambaya. A bencin bayan nan ne na fahimci maganar dattijon ta wata fuska. Ya ce idon Allah na kaina ko a tsakiyar tafki, kuma haka ne. Idon da ya ga niyyata a jirgi shi ne ya ga Bulus lokacin da ruwa ya rufe kansa. Ido ɗaya ne. Ba zan ce ina son ya ga mijina amma kada ya ga zuciyata ba.

Bayan dattawan sun tafi baffanku ya ci tuwo, wanda bai ci ba tun zuwansa. Ya wanke hannu ya ce in kira masa Yohanna. Kana da shekara huɗu, ba za ka tuna ba. Ya ɗora ka a cinya ya daɗe yana duban fuskarka, sannan ya sauke ka.

Ya ce, "Kin san abin da zai biyo baya. Ba ni zan yi ba, al'ada ce za ta yi."

"Na sani, Yaya."

"Idan yaron nan ya hau dutse, za a ba shi ruwa a ƙwaryar baƙi, kamar ba ɗan gida ba."

"Na sani."

"Me zan ce wa tsohuwa?"

Na ce ya gaya mata ɗanta ba ya jin sanyi. Ya ce ba zai iya ɗaukar wannan saƙon ba, ya fi dutsen nauyi.

Abin da ya faɗa duk ya faru. Hawa bakwai suka koma babban gida, 'ya'yansa ne ke nomawa yanzu. Kakarku ta rayu shekara biyu bayan nan, ba ta ƙara karɓar kifin da nake aika mata ba, ta rasu ba ta ambaci sunana ba. Kai Yohanna ka hau dutse kana saurayi ba ka gaya mini ba, aka ba ka ruwa a ƙwaryar baƙi, ka dawo Garwa ka yi wata guda ba ka ci tuwona ba. Ban ga laifinka ba. Kai ka biya abin da ni na yanke, kuma ban tambaye ka ba, ba ka kai a tambaye ka ba. Ba zan ce muku Allah ya musanya mana da abin da ya fi ba, domin ban san yadda ake auna wannan ba. Mun koma Garwa, unguwar Yelwa, na yi ta sayar da banda a kasuwa, kun yi karatu gwargwado, wani lokaci mun ci wani lokaci mun sha kunu mun kwanta. Akwai shekarun da na yi addu'a na ji kamar da bango nake magana. Sai dai ko a waɗannan shekarun ban koma tunanin cewa yana nesa ba. Na ɗauka ya yi shiru ne, kamar yadda mutum kan zauna kusa da mai makoki bai ce komai ba. Me ya sa ya bar iskar ta taso, wannan ban sani ba, na daina zaton zan sani a nan.

Washegarin ranar da muka shiga jirgin nan, da na fito, tabarmar baffanku a naɗe take a jingine da rumfa, ya kama motar farko. A cikin ɗaki, a saman ragaya, akwai wata ƙwarya da babanku ya rufe da toka ya ɗaure da tsumma, irin dawar dutse da ya zaɓa zangarniya-zangarniya don shukar bana. Na so in ba baffanku ya tafi da ita, ban samu ba. Dawar dutse kuwa ba ta yi a ƙasar Lagdo, babanku ya gwada sau biyu ta yi kara ba ta yi ido ba. Na sauko da ƙwaryar, na sheƙe tokar, na wanke, na surfa, na durƙusa a kan dutsen niƙa. Rahila ta fito tana murza ido ta tsaya a kaina.

"Mama, ba irin Baba ba ne wannan?"

"Shi ne."

"To me za a shuka?"

Na ce ta je ta taso ƙannenta ta wanke musu fuska. Na dama kunu da tsamiya, na zuba muku a kwano ɗaya, na yi godiya a kai, kuka shanye tas. Ni na kankare tukunyar, sannan na ɗauki kwando na tafi gaɓa.